Ranar da Na Goya Tukunyar Iska

Wata goma sha huɗu 'yata ta yi a duniya ban taɓa barin ta a hannun wani na juya baya ba. Ba don a yabe ni nake faɗa ba. A lokacin ni ma na san abin ya wuce hankali, na dai kasa bari ne.

Bakwaini ce. Da aka haife ta ba a ba ni ita ba, kwalba aka sa ta, aka bar ni ina leƙen ta ta bayan gilashi kusan wata guda, ƙirjinta yana hawa yana sauka kamar na ɗan tsako. Ranar da aka ce in ɗauke ta mu tafi gida, na ɗauka ke nan ban sake ajiyewa ba. Da ta yi ƙwarin goyo sai ta koma bayana. Ina girki tana baya, ina wanki tana baya. In zan yi wanka sai in zaunar da ita cikin baho a bakin ƙofa, in bar ƙofar a buɗe. In ina salla tana gefen darduma, idona ɗaya yana kanta, Allah ya yafe mini.

A unguwar Kurayyat ta Jidda muke zaune, mu a sama, uwar mijina a ƙasa ita da autarta. Hajiya 'ya'ya bakwai ta raina a garin nan. Kullum da safe sai ta hawo, tana tsayawa tana hutawa saboda gwiwa, ta miƙo hannu ta ce, "Kawo ta in rage miki." Ni kuwa ba na rasa abin cewa. Yau jikinta da ɗan ɗumi, gobe yanzu ta sha nono kada ta tumbuɗa. Hajiya ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Wata rana dai na lura ta daina miƙo hannun. Sai ta gaishe ni, ta taɓa ƙafar yarinyar da ta leƙo daga zane, ta sauka.

Maigidana a tashar jiragen ruwa yake aiki, a sito. Shi a Jidda aka haife shi, ni daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram aka kawo ni, inda ruwa mafi zurfi da na sani shi ne na rijiya. Shekara da shekaru yana dawowa da labarin wani farin jirgi mai hawa-hawa kamar gidan sama, wanda ba ya ɗaukar kaya sai mutane masu yawon shan iska. Rannan ya shigo ya ce mu haɗa kaya, kwana uku za mu yi a cikinsa, da mu da Hajiya da ƙanwarsa, kowa ya nemo iƙamarsa, katin izinin zama. Abin da na fara tambaya shi ne ko akwai likita a ciki. Ya dube ni, ya ce akwai.

Ban ga jirgin sosai ba ranar farko, gaskiya. Ƙarafunan gefe na gani, da faɗin da ke tsakaninsu, ina auna ko kan yaro zai wuce. Na tuna dai ƙasan yana rawa kaɗan-kaɗan, irin yadda cikin saniya ke motsi in tana kwance tana tuƙa. Na tuna ƙamshin lemon tsami a dogayen lungunan nan masu shimfiɗa. Da la'asar Jidda ta riƙa ja da baya, dogayen gidajen suka zama kamar ashana a tsaye, daga nan hazo ya shanye su.

Washegari muka wayi gari kusa da wani tsibiri. Yashi fari tas, ruwan bakin gaɓa kore-kore, can gaba kuma shuɗi kamar an juye baba. Aka sauke mu a ƙananan jirage. Muna samun inuwar laima ƙanwar mijina ta zo tana kaɗa wasu takardu biyu.

Ita ɗin ba a zama lafiya da ita. Sa'ata ce, amma ta yi karatu, kuma Hausarta rabi Larabci ce.

"Matar Yaya, tashi. Yalla. Na rubuta sunanmu, za mu shiga ƙarƙashin ruwa."

"Ƙarƙashin me?"

"Ruwa. Bahar. Za a ɗaura mana iska a baya mu je mu gaida kifi."

"Ki gaishe su. Ki ce 'yar rijiya tana gaisuwa."

"Wallahi al-azim sai kin je. Shekara huɗu kina Jidda, teku ta tagar mota kike ganinsa. In kin koma ƙauyenku me za ki ce musu? Na ga bangon kicin?"

"Yayanki ya je mana."

Maigidana ya gyara kwanciya a kujera ya ce shi aikinsa kallon jirgi daga tudu, ba ya canza sana'a da girmansa. Aka yi dariya. Sannan ya sassauta murya, ba tare da ya dube ni ba. "Awa ɗaya ce. Ga gadar can, kina iya hango mu daga kanta. Hajiyar nan ita ta goya ni, ga ni kuma."

Na juya wajen Hajiya ina jiran ta sa baki, don in samu abin da zan ƙi. Tana jan carbi tana kallon teku kamar ba da ita ake ba, ta ma ɗan kawar da gwiwoyinta gefe, kada a ce tana shirya cinya. Wannan kawar da gwiwar ne ya kama ni. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan ƙullin zane ba.

Da na sauke ta, iska ta bugi bayana inda gumi ya zana siffarta, na ji sanyi har cikin ƙashi. Na ɗora ta a cinyar Hajiya na fara lissafi: ruwanta yana jaka, kada ta ci yashi, in ta ja kunne barci take ji, in ta yi tari a ɗaga ta tsaye, in ta...

"'Yar nan," in ji Hajiya, "tafi."

Gada ce ta katako doguwa, ta miƙe daga yashi zuwa inda ruwa ya yi duhu. Sau nawa na waiwaya, ban ƙirga ba. A ƙarshenta akwai rumfa, da wata mata 'yar Masar, gajera, rana ta ƙona mata hanci, ita ce malamar da za ta shiga da mu biyun. Larabcina na kasuwa ne, nata kuma gudu yake, sai ƙanwar mijina ta riƙa juya mini. Ita ta karanta mini takardar tambayoyi ma, don ni aji uku na yi a lakwal aka cire ni. Kina da asma? Babu. Ciwon kunne? Babu. Ciki? Na harare ta, ta ce ita dai karantawa take.

Aka ba mu rigar roba baƙa mai kama jiki tun daga wuya har idon sawu, da hula mai rufe gashi, da wata 'yar riga a sama, don na ce ba zan fita haka ba ko kifi ne kaɗai zai gan ni. Aka ɗaura mana ɗamara mai dalma. Aka ba mu takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa, da gilashin da ke rufe ido da hanci. Malamar ta ce mu tofa yawu a cikinsa mu goge don kada ya yi hazo. Na juya baya na tofa, kunya kamar in nutse tun kafin a kai ga ruwan.

Dokokinta ba su da yawa. Kada ki riƙe numfashi ko sau ɗaya. In kunne ya yi zafi, toshe hanci ki hura a hankali. In lafiya, haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. In da matsala, kaɗa tafin hannu. A ƙasa babu magana, ta ce, ni idona yana kan hannuwanku, duk abin da hannu ya yi magana ce a wurina.

Na ji wannan, na kuma gyaɗa kai. Ban dai san hannuna yana da tasa maganar da ban sani ba.

Sai aka kawo tukunyar iska, doguwa kamar ta gas amma siririya. Ƙanwar mijina ta zauna a benci aka zura mata tata kamar jakar makaranta. Ni da aka zo kaina, sai kawai na duƙa, na shimfiɗa baya, na miƙa hannuwa ta baya ina jira. Malamar ta ɗan yi turus, sannan ta ɗora mini. Ta fi 'yata nauyi nesa ba kusa ba, ga sanyi, ga tauri. Amma daidai wurin ta zauna. Na miƙe na ɗan girgiza kafaɗa ta daidaita, sai na ji hankalina ya ɗan kwanta, karo na farko tun da na bar inuwar laima.

Muka sauka ta tsani, muka tsaya inda ruwa ya kai ƙirji, muka koyi shaƙar iska ta robar da ake cizawa. Iskar busasshiya ce, tana da ɗanɗanon sabon bokiti. Malamar ta riƙe ni da dama, ƙanwar mijina da hagu, ta saki wani abu a rigunanmu, sai na ga ruwa ya hau gilashina, ya raba duniya biyu, sama da ƙasa, sannan saman ya tafi.

Abin da na fara ji shiru ne. Ba shirun ɗaki ba, wani shiru mai kauri da ke taɓa fata. A cikinsa babu komai sai numfashina, in na ja ya yi tsaki, in na saki ya yi ɓul-ɓul-ɓul kamar tukunya ta tafasa, kumfa ta bi gefen kunnena ta hau. Na bi ta da ido. Saman ruwa daga ƙasa kamar kwanon silba ne da aka lanƙwasa, yana motsi, rana tana zubowa ta cikinsa zare-zare.

Kunnena ya yi zafi, na toshe hanci na hura, ya yi ƙis. Muka ƙara sauka.

Ƙafata ba ta taɓa komai, amma ban faɗi ba. Wannan ne na kasa ganewa. Tun ina yarinya nakan yi mafarkin ina tafiya a sama da rufin gidaje ba fiffike, in farka ina jin haushi. To ga shi ido biyu. Ƙarƙashina wani gari ne, da tuddai da lunguna da ƙofofi, wani wuri kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwaƙwalwar rago, wani kamar faifai an jera. Daga baya aka ce mini murjani ke nan. Kakata tana da murjani, ja, a cikin wani ɗan gwangwani, sai ranar biki take fito da shi. Ban taɓa zaton abu ne mai rai ba, mai gari guda, da mazauna.

Mazaunan kuwa ba su damu da mu ba. Wasu ƙanana ruwan lemo sun taru kamar an watsa yayin fure sun tsaya cak a iska. Wani shuɗi da kore, mai baki irin na aku, yana gatsar dutse, har ina jin ƙarar, ƙurus-ƙurus, kamar tsohuwa tana cin aya. Wani mai ratsin rawaya ya zo daidai gilashina ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya dube ni da ɗayan, ya ga ba ni da wani amfani, ya wuce.

Sai malamar ta zo gabana. Ta yi mini zobe da yatsu, na mayar mata. Ta zaga bayana, na ji tana taɓa tukunyar, tana murɗa wani abu. Ta duba agogon iskata. Ta sake yin zobe, na sake mayarwa. Muka ci gaba.

Ba a jima ba ta sake dawowa. Wannan karon ta kama kafaɗuna biyu ta zuba mini ido ta cikin gilashi. Ta nuna bayana. Ta kaɗa tafin hannu, alamar tambaya ko da matsala. Na yi zobe. Ban ga abin da take gani ba. Ni dai ina kallon wasu kifaye biyu da ke shiga suna fita cikin wani abu mai laushi kamar gashin masara.

A karo na uku ba ta tambaye ni ba. Ta kama damtsena, ta yi wa ƙanwar mijina alama, muka fara hawa a hankali, garin yana nisa a ƙarƙashinmu.

Muna fasa ruwa ƙara ta dawo gaba ɗaya, iska, injin wani jirgi, tsuntsaye. Malamar ta hura mana iska a riguna muka yi yawo a sama kamar gora, ta tofar da robarta ta hau magana da sauri.

"Tana tambaya me ke damun ki a baya," in ji ƙanwar mijina tana haki. "Tukunyar tana zamewa ne? Ko bayanki ke ciwo? Ta ce tun da muka sauka hannunki na hagu yana baya kina bubbuga gindin tukunyar, kina jijjiga kafaɗa. Kuma wai kina nishi, tana jin ki."

Na buɗe baki in ce ban yi ba. Sai na ji inda hannuna yake. Yana can, a ƙarƙashin tukunyar, ya tallafe ta, yatsuna suna bugawa a hankali, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Nishin kuma ba nishi ba ne. Ɗan gunjin nan ne da ake yi a maƙogwaro in ana so yaro ya yi barci.

Ƙanwar mijina ta riga ni ganewa. Ta ƙyalƙyale har ta sha ruwan gishiri ta hau tari.

"Ya Rabbi! Lallashin tukunya take! Matar Yaya, ta yi barci ko a kawo mata nono? Wallahi sai na faɗa wa duk Kurayyat!"

Ta juya wa malamar da Larabci tana dariya tana tari. Malamar ba ta yi dariya ba. Ta tura gilashinta goshi ta tambaye ni, a hankali yadda zan gane da kaina, 'yar tawa watanta nawa. Na faɗa mata. Ta tambaya tana ina. Na nuna tsibirin.

Daga nan laimomin duk iri ɗaya ne, farare, ƙanana. Na nemi baƙar abayar Hajiya, na ga baƙaƙe sun fi goma. Wani sauti ya zo bisa ruwa, siriri, ya yanke. Tsuntsu ne ko 'yata ce? Nan take nono ya kawo, na ji ɗuminsa yana bin cikin rigar roba, ni kaɗai na sani.

"Ta ce iskarmu ta isa mu sake sauka sau ɗaya," in ji ƙanwar mijina, dariyar ta tafi. "In kuma halas, ga tsani can, ki hau ki tafi wajenta. Ba wanda zai ce komai. Ni ma ba zan ce ba, wallahi."

Tsanin yana kusa, hannu biyar ko shida. Na san yadda zan yi: in hau, in tuɓe takalman agwagwa, in ruga bisa katako, in ɗauke ta daga cinyar Hajiya da jiƙaƙƙen jikina. Na kuma san fuskar da Hajiya za ta yi, ba fushi, ta dai kawar da kai ta koma kan carbinta. Kuma daga ranar shi ke nan, ni da yarinyar nan mun ƙulle har ta yi wayo ta fara ture ni da kanta.

Sautin bai sake zuwa ba. Ruwa yana ɗaga ni yana saukewa.

Na ce a faɗa wa malamar ta ɗaga mini tukunyar sama kaɗan, ta matse igiyar ƙirji, ta yi ƙasa da yawa. Ta gyara. Sannan ta kama hannuna na hagu ta mayar da shi baya da kanta, ta ɗora a gindin tukunyar, ta ce, "Ma fi mushkila," wato ba damuwa. Tunda yanzu ta san ma'anar bugun, in bubbuga yadda nake so.

Muka sake nutsewa.

Wannan karon mun fi nisa. Muka bi gefen garin har inda ya yanke, ƙasa ta faɗa cikin wani shuɗi marar iyaka, babu gindi, babu bango. Na zaci tsoro zai kama ni, sai na ji kamar an buɗe taga. Daga cikin shuɗin wani abu ya taso, da fari inuwa, sannan ya zama kunkuru, babba kamar faranti na taron suna, yana kaɗa hannuwa a hankali kamar mai ba da haƙuri. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba. A wuyansa akwai tamoji irin na tsofaffi. Ya wuce ta ƙarƙashina kusa har na ga ɗan gansakuka a bayansa, na juya na bi shi, na ji jikina ya miƙe ya kwanta bisa ruwa, numfashina ya yi tsawo. Haske yana yawo a kan yashi kamar raga. Ban san ko minti ɗaya ne ko goma ba. Babu sunana a wurin, babu na kowa.

Da malamar ta taɓa ni ta nuna sama, sai na ga hannuwana biyu a gabana, a buɗe, suna shawagi. Ban san yaushe na saki tukunyar ba.

A kan gada na kasa tafiya da sauri ko da na so, ƙafafuna sun yi nauyi kamar na aro. Ƙanwar mijina tana ta zuba, kin ga wannan, kin ga wancan. Ni kuwa sai a lokacin na farga. Na manta da 'yata. Can ƙasa, na ɗan wani lokaci, ban da 'ya, ban ma san an taɓa haihuwar wata ba, kuma daɗi na ji.

Na same su inda na bar su. Maigidana yana barci da hula a fuska. Yarinyar tana zaune tsakanin ƙafafun Hajiya, an tuɓe mata riga, ta riƙe yankin kankana da hannu biyu, ruwan ya bi haɓarta har cibiya, yashi ya manne a kai. Idanunta sun kumbura.

"Ta yi kuka," in ji Hajiya, tun kafin in tambaya. "Sosai ma. Har da shessheƙa. Da ta gaji ta yi shiru, muka sha kankana."

Yarinyar ta ɗago ta gan ni. Na jira ta ware baki. Ta dube ni, ta dubi gashina da ya jiƙe, sai ta miƙo mini ɓawon, ta fasa, ta mayar bakinta.

Na zauna a yashi gefen Hajiya, gishiri yana bushewa a fatata.

"Hajiya, na manta da ita a can ƙasa. Sam na manta."

Ta cire wani ɗan baƙin iri daga kumatun yarinyar da farce, ta yar.

"To? Ai ni ina nan, ban manta ba." Ta gyara zamanta. "Me kika gani?"

Na fara ba ta labarin kunkurun. Ta ce ƙarya nake, kunkuru ba ya kai faranti. Na rantse mata. Ta ce in bari autarta ta zo ta tambaye ta, ita ma ba gaskiya ta cika ba amma a haɗa biyun a gani. Yarinyar ta jingina da cikinta tana lumshe ido, hannunta duk danƙo a kan abayar. Na ga ya kamata a wanke mata hannu. Na bari sai ta farka.